Wata huɗu zai ishe ni shirin gudun fanfalakin Legas? Ku taimaka da jadawali

Sadiq_Hotoro:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu gudu a gidan nan shawara nake nema. Na ƙudiri niyyar shiga gudun fanfalakin Legas na watan Fabrairu, cikakken na kilomita 42 ba na 10 ba, kuma ban taɓa yi ba. Yanzu muna farkon Oktoba, saura wata huɗu da 'yan kwanaki kenan. Abin da nake iya yi yanzu kilomita 5 zuwa 6 ne sau uku a sati bayan asuba, cikin kamar minti 35 zuwa 40, kuma ina gamawa lafiya ba na galabaita. Ina aiki Litinin zuwa Juma'a, Asabar rabin wuni. Na sauko da wani jadawali a intanet amma wlh da na duba sai da gabana ya faɗi, gudu kwana shida a sati, satin farko ma wai dogon gudu kilomita 16. Shin lokacin zai isa? in zai isa yaya zan tsara satin? Ni ba kuɗin gasar nake hari ba, in dai na kai ƙarshe da ƙafafuna shikenan.

Baban_Khairat:
Wa ya biyo ka ne Sadiq? hhhh. Ka san kilomita 42 kuwa? kusan daga Kano zuwa Wudil kenan fa, a ƙafa, ga mota tana lodi a tasha.

Kamal_KD:
Wa alaikumus salam. Gsky ni ba zan ɓoye maka ba, bai isa ba. Jadawalin sati 16 ko 18 da kake gani a intanet an rubuta su ne don wanda dama yana haɗa kilomita 25 zuwa 30 a sati tun da daɗewa, kai kuma 15 zuwa 18 kake yi. Zuciya da huhu suna sabawa da wuri, cikin sati shida za ka ji ka zama wani abu, amma ƙashi da agara da gwiwa ba sa saurin sabawa haka, kuma su ne za su kwantar da kai a watan Disamba. Ai a ranar akwai na kilomita 10, ka shiga shi bana ka ga yadda abin yake, baɗi ka yi babban da shirinka.

Danladi_Rayfield:
Kamal bai yi ƙarya ba amma ni ba zan ce ba zai yiwu ba, tunda yaron ya ce gamawa kawai yake so. Na raka mutane irinsa sun gama, sai dai da sharaɗi. Sadiq fara goge wancan jadawalin daga wayarka, ba naka ba ne.

Kwana huɗu a sati ya ishe ka, a watan farko ma uku. Misali Talata da Alhamis gajeren gudu kilomita 5 zuwa 8, Lahadi dogon gudu tunda ran nan ba ka da aiki, daga baya ka ƙara Juma'a ko Asabar da ɗan kilomita 4 ko 5 a hankali. Litinin hutu ne ba a taɓa shi. Duk shirin a kan dogon gudun Lahadi ya rataya, in wani abu ya taso cikin sati ka rasa Talata ba komai, amma kar ka rasa Lahadi. Ga yadda zan jera maka Lahadin sati 18:

8, 10, 12, sai ka sauko 8. Sannan 14, 16, 18, ka sauko 12. Sannan 21, 23, 25, ka sauko 16. Sannan 27, ka sauko 20, sai 30 wanda shi ne mafi tsawo kuma ya zama saura sati uku gasa. Daga nan 20, 12, sai ranar.

Wannan saukowar ta kowane sati na huɗu ita mutane suke rainawa, suna ganin asara ce, alhali a lokacin ne jiki yake gyara abin da ka ɓarje. Kuma saurin da za ka yi dogon gudun shi ne wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da magana tana yankewa ba. In haki ya hana ka faɗin jimla ɗaya to ka yi sauri da yawa, rage. Za ka ji kamar wasa kake, har 'yan makaranta su wuce ka, ka ƙyale su.

Lissafi_Dole:
Yallaɓai @Danladi_Rayfield da girmamawa, ba ku ne kuke cewa kar a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a sati ba? Daga 8 zuwa 10 ai kashi 25 ne, 10 zuwa 12 kashi 20. Ko lissafin nawa ne ya kuskure.

Danladi_Rayfield:
Lissafinka daidai ne. Ƙa'idar a kan jimillar gudun sati take ba a kan Lahadi kaɗai ba, in ya bar Talata da Alhamis yadda suke ƙarin bai kai haka ba, amma duk da haka eh za mu ɗan haura ta a farko, wannan shi ne kuɗin da ake biya in an zo a makare. Shi ya sa sharaɗina na biyu, ya haɗa gudu da tafiya tun daga ranar farko. Minti 4 gudu minti 1 tafiya, ko kuma duk kilomita ɗaya ya taka na minti ɗaya. Ba sai ya gaji sannan zai fara takawa ba, tun da ƙarfinsa. Ba abin kunya ba ne, akwai masu gamawa ƙasa da awa biyar da wannan tsarin.

Kamal_KD:
To ai ka ga ka dawo maganata ta bayan gida. In sai an karya ƙa'ida sannan lokacin zai isa, bai isa ba kenan.

Aminu_Agege:
Ku bar rigimar lambobi tukuna, akwai abin da ba wanda ya taɓo. Sadiq duk atisayenka a hunturun Kano za ka yi shi, Nuwamba Disamba Janairu, asuba da sanyi iska a bushe, gumi yana fitowa yana bushewa ko jiƙa riga ba ka yi ba. Sai ka sauka Legas a Fabrairu. Mlm nan ƙarfe shida na safe kana tsaye ba ka fara komai ba rigarka ta manne a bayanka, gumin nan ba ya bushewa saboda iskar kanta a jiƙe take, to jiki ba ya hucewa kenan. A shekarun baya ana tashi ne daga babban filin wasa na Surulere wajen shida da rabi, a bi Ikorodu Road a hau gadar Third Mainland, a ratsa Ikoyi da Lekki a ƙare a Eko Atlantic. Gadar nan kusan kilomita 12 ce kuma ko inuwar sandar fitila ba za ta ishe ka ba, ruwa hagu ruwa dama, kwalta tana dawo maka da zafi a fuska, ka ɗaga kai ka ga mutane jere har inda ido ya ƙare kuma gadar ba ta da niyyar ƙarewa. 'Yan Kenya da Habasha su kafin tara sun gama sun yi wanka. Kai mai awa biyar ko biyar da rabi sha ɗaya da rabi zuwa sha biyu za ta same ka a titi. Na ga 'yan arewa ƙarfafa waɗanda suka fi ni gudu nesa ba kusa ba suna zaune a bakin hanya wajen Lekki sun zuba ruwa a ka. Don haka ko wane jadawali za ka bi, ka sa zafi a ciki.

Sadiq_Hotoro:
Kai Aminu ka ƙara tsorata ni. To yaya zan sa zafi a ciki alhali garin sanyi ake?

Issoufou_Yamai:
Sannunku da hira, ina gaida mutanen Najeriya. Mu nan Yamai zahi ba baƙonmu ba ne. Jiki yana koyon zahi cikin kwana goma zuwa sati biyu in ana shiga shi kaɗan kaɗan, gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin da ke hita cikinsa ya ragu. Abin da za ka yi, a sati ukun ƙarshe ka maida gajerun gudunka zuwa hantsi ko bayan la'asar, minti 30 zuwa 40 a hankali da ruwanka a hannu. Dogon gudu kuma wasu ranakun kar ka hita da duhu, ka bari sai bakwai don ƙarshensa ya kai ka cikin rana. Amma ban ce ka sa rigar leda ko ka hita tsakar rana ba kamar yadda wasu samari ke yi a bakin filin Seyni Kountché wai suna rage ƙiba, wannan neman suma ne.

Maman_Iman:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kafin a kai ga zafi da takalmi ina so ƙanena ya je a auna shi. Hawan jini ba ya sallama, muna ganin 'yan shekara talatin da shi ba su sani ba. A duba jininka da sukari, in da hali a yi gwajin zuciya, musamman in a danginku akwai wanda ya taɓa yanke jiki ya faɗi yana matashi. Sannan ka san rukunin jininka na sikila. Mai AS yana wasanni lafiya lau, da yawa ma ƙwararru ne, amma in aka haɗa wahala mai tsanani da zafi da ƙishirwa haɗarinsa ya fi na mai AA, gara ka sani ka gaya wa likita abin da kake shiryawa. Na biyu don girman Allah kar ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin dogon gudu wai don kar ka ji ciwo, jiki ba ruwa ga maganin nan, ƙoda ce take ɗaukar dukan. Tramadol kuwa ba ma sai na yi magana ba. In kana gudu ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri ko ka daina gumi jikinka ya yi zafi rau, tsayawa ake a nemi taimako.

Baban_Khairat:
Anti Nas ta zo, kowa ya gyara zama.

Sadiq_Hotoro:
Na gode Anti, AA ne ni an gwada lokacin aure. Jinin dai zan je a auna satin nan insha Allah.

Dan_Kurmi_99:
Ni duk wannan iyayin ban gane masa ba. Iyayenmu fatake daga Kano har Gwanja suke zuwa a ƙafa da jakuna ba jadawali ba kambas. Wani Bahabashe ma ba takalmi ya ci gasar Olamfik a 1964.

Lissafi_Dole:
Abebe Bikila kake nufi, kuma 1960 ne a birnin Rum ya yi ba takalmi. A 1964 a Tokyo ya sake ci amma da takalminsa a ƙafa. Kuma soja ne mai atisaye ba daga shago ya taso ya shiga ba. Fatake kuma watanni suke a hanya suna yada zango, ba wanda ya riƙe musu agogo.

Dan_Kurmi_99:
To Farfesa.

Hafiz_Tarauni:
Tunda an zo maganar takalmi. Sadiq kar ka ce sai ka sayi irin na su Kipchoge zakaran gudun nan na Kenya, mai farantin kabon a ciki, kuɗin ya yi yawa kuma ba zai maka komai ba a saurin da za ka yi. Ka shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ka zaɓa da natsuwa. Juya shi ka duba ƙasan, in dunduniya ta cinye gefe ɗaya ajiye. Danna farin soson tsakiya da babban yatsa, in ya yi tauri ko ya yi layi layi kamar ya tsufa to ya mutu ko da saman yana ƙyalli. Takalmin gudu yana yin kamar kilomita 600 zuwa 800 ne, shi kuma gwanjo ba ka san nawa mai shi ya ci ba, shi ya sa in ka samu hali ka sayi biyu kana musanyawa. Ka je da yamma lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa irin safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin. In ya matse, bayan kilomita 25 farce zai yi baƙi ya fita. Kuma wanda za ka sa ran gasa ya zama ka yi dogon gudu da shi a ƙalla sau biyu uku.

Aminu_Agege:
Ƙari a kan na Hafiz, basilin. Cinyoyi, hammata, tsakanin yatsu. Kan nono kuma filasta, dariya za ku yi amma duk wanda ya ga farar riga da layin jini biyu a Eko Atlantic ya san me nake faɗa. Rigar auduga ma ka bar ta a gida, jasin ƙwallo ta fi ta.

Ummi_Samaru:
Slm. Ku yi haƙuri zan ɗan shigo da tawa, ni ma ina sha'awar na kilomita 10 ɗin amma matsalata wurin atisaye. A cikin ABU ba damuwa muna zagayawa da ƙawayena da dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi, ba mai kallonmu. Amma in na koma gida hutu ko ƙofar gida na fita da kambas sai an tambayi ko lafiya. Akwai matan da suke yi a nan kuwa?

Maman_Iman:
Akwai ƙanwata. Ni a Kaduna nake, Murtala Square da safe mata da yawa suna zuwa har da manya masu jikoki, wasu tafiya wasu sassarfa. Ki nemi 'yar uwa ko ƙaninki ku riƙa fita tare, ki zaɓi yadi mara nauyi mai shan iska. Ki kuma kula da ƙarancin jini, mata masu gudu yana kama su, in kina jin gajiya ta ba gaira ba dalili ki je a duba.

Dan_Kurmi_99:
Mace da gudu a titi dai...

Admin_Garba:
Dan_Kurmi kar mu fara. Ta yi tambaya an ba ta amsa. A koma kan jadawalin Sadiq.

Sadiq_Hotoro:
Yawwa dama ina da tambaya a kan inda zan yi dogon. Kilomita 5 a unguwa nake zagayawa, amma 25 ko 30 fa? Na yi tunanin filin wasa na Sani Abacha in yi ta zagaye.

Lissafi_Dole:
Zagaye ɗaya mita 400 ne. Kilomita 30 zagaye 75 kenan, cikakken gudun kuma 105 da rabi. Allah ya ba ka haƙuri da lissafi.

Danladi_Rayfield:
Kar ka yi dogon a fili. Ban da gundura, juyawa gefe ɗaya sau saba'in yana cin gwiwa da ƙugu, kuma a kwalta za ka yi gasar, dole ƙafa ta san kwalta. Ka samu zagaye na kilomita 4 ko 5 inda za ka ajiye ruwa wurin mai shayi ko mai gadi kana dawowa kana sha. Mu nan Jos Allah ya hutar da mu, ga tudu ga sanyi ga hanyoyin ƙasa, shi ya sa in ka duba 'yan Najeriya da ke zuwa gaba a gasar nan za ka ga yawanci 'yan Filato ne, wajen Pankshin. Ku Kano shimfiɗe take, to sau ɗaya a sati ka nemi 'yar gangara ko gadar sama ka hau ka sauka a hankali saboda hawan gadojin Legas.

Hafiz_Tarauni:
Sabuwar BUK ta hanyar Gwarzo tana da fili sosai in za a bar ka ka shiga, ko cikin Nasarawa GRA wajen Race Course da safiyar Lahadi ba motoci. Amma mlm kar ka fita da duhu kai kaɗai da waya a hannu da abin kunne, ka san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya. Agogon hannu mai arha ya isa, ko ka sa ƙaramar waya a ɗamara ƙarƙashin riga. Kuma ka riƙa fuskantar motoci, 'yan adaidaita da asuba ba sa ganin kowa. Ranar da hazo ya yi yawa har ba ka hango ƙarshen layi ka haƙura ko ka bari sai ya ɗaga, ƙurar nan tana sauka a ƙirji, wanda ke da asma ma kar ya soma.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata azumi. A shekarun nan Ramadan yana matsowa cikin Fabrairu, duk shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. Ka duba kalanda kuwa? In ranar ta faɗo cikin azumi fa? Kuma ko ba haka ba wasunmu suna Litinin da Alhamis.

Sadiq_Hotoro:
Wlh ban kawo wannan ba. Bari in duba ranar da suka sa.

Dan_Kurmi_99:
Ai matafiyi ne, Kano zuwa Legas ta wuce kilomita dubu.

Abu_Sumayya:
A'a kar mu yi fatawa a nan, ya tambayi malaminsa. Ni dai abin da na sani ba mai hankalin da zai yi kilomita 42 a zafin Legas ba ruwa. Na nafila kuwa mai sauƙi ne, Litinin dama hutu ce a jadawalin Oga Danladi, na Alhamis ya maida gudun Laraba, ko ya yi ɗan kaɗan dab da magariba ya sha ruwa yana gamawa.

Kamal_KD:
Kun ga wani dalilin kuma na a bari sai an shirya. Ni ban ce kar ya yi ba har abada. Akwai na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo wajen watan Mayu, ana samun rabin fanfalaki kilomita 21 nan da can, Kaduna ma an taɓa yi a 2020. A hau tsani daga ƙasa mana.

Zaki_Mai_Gudu:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni na yi na Legas ɗin kuma daga kusan inda Sadiq yake na fara. Abin da zan faɗa shi ne gudun gaske daga kilomita 30 yake farawa. Har 28 ina ta murna ina ɗaga wa masu kiɗa hannu, wajen 32 ƙafafu suka yi nauyi kamar ba nawa ba, kaina ya yi fayau, na ga alamar kilomita na kasa lissafa nawa ya rage. Dalili shi ne sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya kai mutum ƙarshe, tankin mai ne ƙarami, in ba ka ƙara a hanya ba zai ƙare. Don haka cin abinci cikin gudu shi ma atisaye ne, a Lahadi ake koyonsa. Duk gudun da ya wuce awa ɗaya da rabi ka tafi da dabino a aljihu, ka cire ƙwallon tun a gida, duk minti 30 zuwa 40 ka ci biyu ko uku ka kora da ruwa, tun kafin ka ji yunwa. Ayaba ma tana yi. Ba sai ka sayi 'yan ledojin nan masu tsada na Turawa ba.

Maman_Iman:
Kuma ba ruwa zalla za a yi ta ɗurawa ba. Mai tafiya a hankali da ya daɗe a hanya yana shan ruwa a kowace tasha har cikinsa yana ƙara, gishirin jininsa yana iya sauka, kuma wannan yana kisa kamar yadda ƙishirwa take yi. Ka sha daidai ƙishi, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari irin na ORS a gora ɗaya.

Baban_Khairat:
To daren gasa me zai ci? Ni dai na ce tuwon shinkafa miyar kuka malmala huɗu.

Zaki_Mai_Gudu:
Hhhh tuwon ba laifi amma malmala biyu. Shinkafa, taliya, dankali, doya, abin da cikinka ya saba da shi, kwana biyu kafin ranar. Ka guji wake da yaji da yawa da fura da nono a daren, kuma ba ranar gwada abincin Legas ba ce, ka bari sai ka gama ka ci amala son ranka. Da safe awa biyu zuwa uku kafin a tashi, shayi da burodi ko koko ba ƙosai. Duk wannan ma ka gwada shi ranar da za ka yi 25 da 27.

Aminu_Agege:
In ta mota za ka zo ka iso kwana biyu kafin, zaman mota na kwana guda yana kumbura ƙafa, ga karɓar lambar ƙirji da ake yi kafin ranar. Ka nemi masauki kusa da wurin da za a tashi don ana rufe tituna tun da duhu. Asuba a nan wajen shida saura take a lokacin, ka fito da alwalarka ka yi sallah a wurin, za ka samu 'yan uwa ana jam'i.

Hafiz_Tarauni:
Wai ni 30 ɗin nan ta isa? Na ga wasu suna cewa sai ka taɓa 35 kafin ranar, in ba haka ba sauran 12 ɗin daga ina za su fito.

Danladi_Rayfield:
Ga mai sauri 35 ba komai, cikin awa biyu da rabi ya gama. Sadiq a minti 7 da rabi kowace kilomita, 30 ma awa uku da minti 45 ce a kan ƙafa, 35 ta haura awa huɗu, zai kwashe sati biyu yana farfaɗowa ya ɓata sauran shirin. Ni da zai tsaya a 28 ma ba zan yi faɗa ba. Sauran suna fitowa ne daga hutun sati ukun ƙarshe da abinci da kuma fara gasar a hankali. Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da sababbi, an busa kowa ya zabura, kiɗa na tashi, sai ka ga mutum ya yi kilomita biyar ɗin farko a minti 6 alhali a 7 da rabi ya yi atisaye. Mai son awa biyar minti 7 da daƙiƙa 7 yake buƙata, kai ka sa ran biyar da rabi ka huta. Marigayi Kelvin Kiptum da ya yi 2:00:35 a Chicago a 2023 ƙasa da minti 3 yake cin kilomita, su wannan sana'arsu ce, irinsu Kipchoge suna haɗa wajen kilomita 200 a sati. Kar ka kalli bidiyonsu ka fita da zafin kai.

Sannan sau biyu a sati minti 15 a tsakar gida, tsugunno da tashi, ɗaga dunduniya a bakin dakali, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Yana tsare ƙwauri da gwiwa. Tsamin jiki na ɓangare biyu da ke sakewa in ka ɗumama ba komai ba ne. Ciwon da ke wuri ɗaya wanda za ka iya nunawa da yatsa a kan ƙashi, ko wanda ke sa ka ɗingishi, wannan a tsaya kwana uku, in bai tafi ba asibiti. Kuma satin da zazzaɓi ya kwantar da kai ya wuce kenan, ba a ramuwa.

Kamal_KD:
To ga tawa ta ƙarshe tunda na ga an fi ni yawa. Sati na tara a jadawalin Oga Danladi 21 ne, farkon Disamba kenan. A mai da shi jarrabawa. In ya gama 21 ɗin ya tashi Litinin ya je aiki yana taka matakala ba ɗingishi, na janye. In ya kasa ya koma na 10 ba gardama.

Danladi_Rayfield:
Wannan na yarda da shi.

Zaki_Mai_Gudu:
Ni ban yarda gaba ɗaya ba, rana ɗaya tana iya ɓaci saboda mura ko rashin barci, a duba 21 da 23 tare.

Sadiq_Hotoro:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na kwafe lambobin a takarda na manna a bango. Lahadin nan zan fara da 8 ɗin, gudu da tafiya. Abin da ban gane ba har yanzu, Asabar ina tsaye a wurin aiki har azahar, in sa gudu na huɗun ran Juma'a ko in bar shi uku kawai har Disamba?

Danladi_Rayfield:
Uku har ka wuce 16, sannan mu gani.

Kamal_KD:
Kwana uku a sati da dogon gudu 18 kuma? to Lahadi kaɗai ta fi rabin satin kenan, wannan ma wata matsalar ce.

Hafiz_Tarauni:
Sadiq in Race Course za ka je Lahadin ka min magana ta inbox, ni ma 8 ɗin zan iya, amma sai bakwai saura don sai na kai yara Islamiyya.

Ummi_Samaru:
Ni fa ba a ba ni jadawalin na 10 ɗin ba, Oga Danladi.